Ajiyar Kawu a Ɗakin Laka

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, gidansa na Harobanda, a ƙetaren kogi a Yamai, ya cika har mutane suka malala bakin titi, kuma rabinsu ban san su ba. Mahauta uku sun zo daga kasuwar Petit Marché, ko kayan aiki ba su sauya ba. Babbansu ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida matar Kawu, wadda muke kira Tanti, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Mahaucin da bai taɓa saida tsoka ba ya tahi." Tanti tana cikin kuka dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi. Wata tsohuwa Bazabarma, maƙwabciyarsu, ta yi ta maimaita "kala suru," wato sai haƙuri, can kuma ta juyo ta tambaye ni da gaske wa zai wasa musu wuƙaƙen layya bana. Tsofaffin ma'aikatan jinya 'yan majami'a sun zo da yawansu, suka jeru a tabarma ɗaya. A cikinsu akwai likitar da ta yi jinyata, mutuniyar Dogon Dutsi, wadda Kawu ya koya wa aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, tun tana ɗaliba. Ita ba ta yi wa kowa gaisuwa ba. Ita aka yi ta yi wa.

Amma wanda idon dangi ya fi bi shi ne Babana. Na leƙa ta ƙofa lokacin da ake sallar gawa na hango shi a sahun ƙarshe, da tsohuwar hularsa. Shekara goma sha tara ke nan bai taka wannan gida ba, bai kuma ce wa Kawu ko sannu ba. An sallame, ya bi gawa, ya dawo ya wuce unguwar Zongo bai shigo ya gaida Tanti ba. Wasu suka ce ai ya yi ƙoƙari da ya zo. Wasu suka ce gara da bai zo ba. Ni kuwa na san akwai laifina a cikin wannan shirun nasu.

Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yanmu ba su san komai game da Kawu ba sai tsoho mai fensir a bayan kunne, mai hana su shiga ɗakin laka. In ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru abin da zai rage ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, Inna. Ba likita ba ne, kuma duk wanda ya kira shi likita sai ya gyara masa. Ma'aikacin labo ne a asibiti. Idan aka yi wa mutum aiki aka ciro ƙari, wurinsa ake kai wa. Ya yanki ɗan guntu, ya jiƙa shi a magani, ya zuba masa narkakken kaki irin na kyandir, ya bar shi ya daskare ya zama ɗan dunƙule da bai kai akwatin ashana ba. Daga wannan dunƙule yake fere yanki siriri, wanda ya fi fatar albasa rashin kauri, ya shimfiɗa a kan gilashi likita ya duba a madubin da ke ƙara girman abu ya ce sankara ce ko ba ita ba ce. Ragowar dunƙulen sai ya rubuta masa lamba da fensir, don tawada ba ta jure ruwan labo, ya ajiye. Aikinsa ke nan shekara talatin da wani abu.

Hannun nan ya bi shi har gida. In Kawu ya yanka maka kilishi kana iya hangen mai zuwa ta cikinsa. Muna yara mun sha yi masa tsiya cewa rowa ce kawai ya sa mata sunan gwaninta. In ya je sayen nama sai ya tsaya yana gyara wa mahauta riƙon wuƙa, su kuma su ce, "To malam, naka naman ina kake baje shi?" Ya ce, "Nawa ba na ci ba ne, na karatu ne."

Yana da magana guda da ba ya gajiya da ita. Ya ce mutane suna cewa sankara kamar abu ɗaya ce, alhali kamar ka ce hatsi ne, ga gero, ga dawa, ga maiwa, kowanne da irin dakansa. Ya ce wata rana za a iya karanta rubutun da ke cikin ƙwayoyin nama, a gane wace iri ce ta kama wance, a ba ta maganin da ya dace da ita kaɗai. Sai ya kawo misali da Babana, wanda tela ne a Zongo. "Mijin ƙanwata bai taɓa sa almakashi a yadi ba sai ya yi awo. Mu ko riga guda muka ɗinka, kowa ya zo mu zura mishi." A lokacin mun ɗauka surutun mai yawan karatu ne. Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne, ko a shekarun da ba sa magana, Kawu bai taɓa sauya misalin ba.

Ina da shekara ashirin da uku sankarar mama ta kama Inna. Aka yi mata aiki, aka naɗe abin da aka cire a farin ƙyalle aka ba Baba, ya kai maƙabarta ya binne da hannunsa, kamar yadda ake yi wa duk abin da ya rabu da jikin ɗan Adam. Aka ɗora ta a kan ƙarin ruwan da ake ɗora kowa. Gashinta ya zube, ta rame, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ta rasu.

Ranar sadakar uku Kawu ya yi kuskuren da shi kaɗai zai iya yi. Ya ga Baba ya kasa ko haɗiyar ruwa, sai ya matso kusa da shi, a gaban mutane, da nufin lallashi, ya ce, "Ka yi haƙuri. Ba ta tahi duka ba. Akwai ragowarta wurina cikin kaki, na adana ta da kyau."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. A wurinsa albishir ne. Baba ya ɗago ya kalle shi ya ce, "Mi ka ce?" Kawu ya maimaita, har yana kwatanta girman abin da yatsu. Baba ya miƙe tsaye.

"Yaya, ashe matata da na binne ba ta cika ba? Ka kawo ta yanzu a kai ta inda sauran jikinta yake."

"Ba ni iyawa," in ji Kawu. "Tana da ɗiya mace. Wata rana wanga guntu zai yi magana."

"Da izinin wa ka ɗauka?"

A asibiti haka ake yi wa kowa, ba a kuma tambayar kowa a wancan zamani, amma Kawu ya san ba wannan ake tambayarsa ba. Liman ya sa baki, dattawa suka sa baki, Kawu ya sunkuyar da kai ya ce a'a. Baba ya ce to shi da shi sai a gaban Allah. Magana zarar bunu ce. Ni ma na ji haushin Kawu a ranar, na kuma daɗe ina jinsa. Na ga kamar ya fifita aikinsa a kan hawayenmu.

Dab da zai ajiye aiki, wani sabon shugaba ya buƙaci ɗakin da ake tara dunƙulen kakin, ya ce a kwashe tsofaffin a ƙone. Kawu ya roƙa aka bar masa su. Ya yi sawu ya fi goma da taksi, ya kwaso akwatunan zuwa Harobanda. Tanti ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu ta ce, "Wasu mazan in sun aje aiki hili suka saye. Nawa maƙabarta ya kawo min." Ya ce, "Ajiya maganin wata rana." Ta ce ita dai kada wata ranar ta same ta da aljanu a gida.

Abokin gabarsa zafi ne. Kaki ba ya shiri da zafin Yamai na watan bazara, kuma wuta ba abin dogaro ba ce. Don haka ya ƙi yarda a rushe tsohon ɗakin laka da ke ƙuryar gidan, ya ce ya fi siminti sanyi. Ya zuba yashin kogi a ƙasa, ya jera randuna, ya ɗora akwatunan a kan katako a tsakaninsu. Safe da la'asar sai ya yayyafa wa yashin ruwa, ya sa bayan hannu a jikin akwati kamar mai duba zazzaɓin yaro. Bikin da zai sa ya kwana a wani gari ba ya zuwa. Dangi na Maradi sun yi fushi har sun gaji.

Shekarar da kogin Isa ya cika ya shigo unguwa, na je da hantsi in taya su kwashe kaya. Na tarar da ruwa ya kai gwiwa, katifu suna iyo, Tanti tana kan tebur tana ƙwala masa kira. Kawu kuwa, tsoho mai ciwon baya, yana ta fitowa daga ɗakin laka da akwati a ka yana ɗorawa a rufin kwano. Na ce, "Kawu, talabijin ɗinka!" Ya ce, "Akwai irinta kasuwa." Da ya gama ya hau rufin ya buɗe lema a kansu, shi yana cikin rana. Maƙwabta sun yi shekara suna ba da labarin. Ɗakin ya zube rabi, ya sake gina shi da laka.

Shekara shida da suka wuce na ji wani ɗan ƙulli a mamana na hagu. Ni malamar lakwal ce, makarantar boko, bakina ba ya mutuwa a gaban kowa, amma kwana goma na yi ban gaya wa ko mijina ba. Wurin Kawu na fara zuwa, mutumin da nake gaisarwa sama-sama tun rasuwar Inna. Ya sa hula ya kai ni wurin Likita, wadda yake kira ɗiyata ta Dutsi.

Na taki sa'a. A lokacin ne Likita da abokan aikinta suka samu kuɗin bincike daga waje, abin da suke kira furoje, bayan shekaru suna rubuta takardun neman taimako. Da kuɗin suka sayi ruwan gwajin da ake ɗiga wa yankin nama ya nuna irin sankarar. Aka gwada nawa. Likita ta ce tawa irin wadda ke samun ƙarfi ne daga sinadarin da jikin mace ke yi, don haka bayan aiki akwai ƙwayar da zan riƙa sha kullum ta toshe mata hanyar abinci. Wata matar da muka kwanta ɗaki ɗaya, tata daban ce, maganinta ma daban. Da Likita ta gama bayani na juya na ga Kawu yana share ido da hularsa. Ya ce, "An yi miki awo." Na san wa yake tunawa. Ina nan da raina har yau, ina shan ƙwayata, ina yi wa 'yan aji huɗu tsawa.

Furojen ne ya karɓi akwatunan ɗakin laka. Likita ta zo da mota ta kwashe su zuwa ɗaki mai kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ta ce tsofaffin dunƙulen nan dukiya ce, domin da su za a gane irin sankarar da ta fi kama matan ƙasar nan, ba a yi ta dogara da abin da aka gano a jikin mutanen wata nahiya ba. Tanti ta yi guɗa. Kawu ya miƙa komai, ban da guda ɗaya. Na Inna ya sa a gwangwanin shayi ya bar shi tsakanin randuna, ya ci gaba da yayyafin ruwa.

Daga nan aikin ya shiga tafiyar hawainiya. Mataki na gaba shi ne karanta rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin, a gane ko ciwon yana bin jini. Injin ya iso, aka yi murna, sai wa'adin furojen ya ƙare kafin kayan aikinsa su zo. Masu ba da kuɗi suka juya wani wajen. Aka lulluɓe injin da zane. Kawu yakan je duk Alhamis ya leƙa, ya dawo ya ce mini, "Amarya tana nan cikin lalle, ango bai zo ba." Matasa biyu da aka horar suka gaji da jira suka tafi ƙasar waje. Likita ta ci gaba da rubuta takardu har idonta ya buƙaci tabarau. In ta karaya sai Kawu ya ce mata sannu ba ta hana zuwa, ta ce, "Baba, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma marasa lahiya ba su da daɗewar."

Bana aka samu wani ɗan tallafi, ƙarami, wanda zai ƙare da ƙarshen shekara. Likita ta ce zai ishi iyalai kaɗan ne, kuma waɗanda suka fi amfani su ne inda ake da naman uwa da na ɗiya. In aka ga tabo iri ɗaya a nawa da na Inna, to gado ne, sai a gwada ɗiyata, a fara sa mata ido tun yanzu. Ɗiyata shekararta ashirin da biyu. Tun ranar da na ji wannan magana, in tana ɗaura zane sai in kau da kai.

Likita ta ce sa hannuna ya isa, tunda ni ɗiyar mamaciyar ce. Kawu ya ce bai isa ba. "Ba ke na ɗauke wa ba. Na taɓa ta sau guda ba da izinin mijinta ba, ba ni ƙarawa." Na yi masa faɗa sosai. Na ce taurin kan da ya raba gidanmu shi ne yanzu zai ci jikarsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi zai je Zongo da ƙafarsa. Ya karɓo takardar yarda ya cike ta. Ya sa aka wanke babbar rigarsa. Sati ya wuce, ya ce bayan Juma'a. Juma'a ta wuce, ya ce bari zafi ya sauka. Mutumin da ya shiga ruwa har gwiwa saboda naman baƙi, tsoron ƙofar shagon tela ya hana shi tsallaka gadar kogi zuwa Zongo. Ni ma da nake zaginsa, ina zuwa gaida Baba duk Lahadi, ban taɓa iya buɗe baki ba. Ranar wata Talata da la'asar Tanti ta same shi zaune a ƙofar ɗakin laka, buta a hannu, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai Tanti ta kira ni ta miƙo mini gwangwanin shayin. Ta ce tun watan jiya ya gaya mata in ta Allah ta kasance a kai wa mijin ƙanwarsa. Na buɗe. Ga dunƙulen kaki da lambarsa ta fensir. Ga takardar yarda a ninke, an cike ko'ina sai wurin sa hannu. Ga kuma ɗan farin ƙyalle sabo, irin na likkafani, daidai naɗe abin. Bai rubuta wasiƙa ba. Ya bar wa Baba hanya biyu, ya zaɓa.

Na kwana biyu da gwangwanin a ɗakina. Zuciyata ta ce in sa hannu kawai in kai wa Likita, wa zai sani? Amma na kasa cin amanar mutumin da ko kwana goma bai yi a ƙasa ba. Da hantsi na tafi Zongo.

Na sami Baba a kan kekensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gwangwanin a kan teburin yanka, na faɗi komai, har abin da ya shafi jikarsa. Bai katse ni ba. Ya goge hannunsa a riga ya ɗauki dunƙulen, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa. A tsakiyar kakin akwai ɗan abu ruwan ƙasa, bai fi ƙwayar wake ba.

"Ita ce wagga?"

"Ita ce, Baba."

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki farin ƙyallen ya shafa shi tsakanin yatsu, na ce a raina shi ke nan, maƙabarta za mu. Sai ya jawo metir ɗinsa daga wuya ya auna dunƙulen, tsawo da faɗi. Ya yanka ƙyallen, ya hau keke, ya ɗinka 'yar jaka da bakin zuge. Ya saka ta a ciki ya ɗaure.

"In sunka yanka, da saura?"

"Likita ta ce kaɗan za su fere."

"To ki gaya mata sauran nawa ne. Ni za ni binne ta." Ya miƙo hannu. "Ba ni fensir."

Na ce da biro ake sa hannu. Ya sa, a hankali, harafi bayan harafi. Na miƙa hannu in karɓi jakar, ya ce a'a, shi zai kai. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ya yi ba in ba Juma'a ba. Muka fito titi neman taksi, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Ya rungume jakar a ƙirji ya miƙo mini tsohuwar lemarsa.

"Riƙe ta wanga gehe, kada rana ta taɓa ta. Yaya ya yi shekara goma sha tara bai bari ta narke ba. Ba a hannuna za ta narke ba."

Tun ranar sadakar ukun Inna ban ƙara jin ya kira shi Yaya ba sai a wannan rana. Har yanzu sakamako bai fito ba, muna jira. Kawu, Allah ya sanyaya maka makwanci kamar yadda ka sanyaya wa bayinsa ɗakin laka, ya yafe maka abin da ka ɗauka ba da izini ba, domin mai shi ya yafe.